Rediyon mota a ɗaki: ga inda aikin ya kai

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon haɗa waya. Rediyon motar nan da nake son mayarwa na ɗaki ya fara magana. Pioneer ne na hannu, mai kafar USB da AUX, na samo shi wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota nan cikin Maradi. Yanzu yana zaune a akwatin katako da sifika biyu, kuma ana jin sa har zaure. Rediyon kansa bai ba ni wahala ba. Wutar da zai ci ita ce ta cinye mini lokaci, don haka a kanta zan fi daɗewa.

Wayoyin bayansa suna da yawa, amma uku ne ke kunna shi. Baƙa ita ce ta ƙasa, wato mainas. Rawaya tana son volt 12 dare da rana, ita ke riƙe agogo da tashoshin da ka ajiye. Ja kuwa a mota sai an murɗa makulli take samun wuta. A ɗaki babu makulli, sai na kai rawaya kai tsaye ga wuta, na sa ɗan makunni a kan ja. Shuɗiya mai ratsin fari ta tayar da ampuli ce, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ruwan lemo ta hasken dare ce. Duka biyun na naɗe bakinsu na ajiye. Idan soket ɗin daga wata motar Turai aka yanko shi, ku auna kafin ku yarda da launi, don akwai masu musanya ja da rawaya.

To, ina za a samo volt 12 ɗin? Wutar gida a nan volt 220 ce, ba ta ma shiga lissafi. Cajar kwamfutar hannu yawanci volt 19 take bayarwa, rediyon mota kuwa iyakarsa wajen 14 da 'yan kai, irin abin da yake samu in inji na tafiya. Ƙaramar adafta mai volt 12 da ampiya 1 ko 2 za ta kunna shi, har ka yi murna. Ƙara murya ka gani: duk bugun ganga sai fuskar rediyon ta dushe, can sai ya mutu ya sake tashi. Ku duba fis ɗin da ke bayansa, galibi 10 ne a rubuce, wato ampiya 10. Wannan lambar ta fi "50W x 4" da ke goshinsa gaskiya, domin ainihin ƙarfin da kowace sifika ke samu bai fi wat 15 zuwa 20 ba.

Na fara da akwatin wutar tsohuwar kwamfutar tebur. Yana da arha kuma yana da ƙarfi. A babban soket ɗinsa akwai koriyar waya guda ɗaya tak. Ka haɗa ta da baƙa, fanka ta fara juyawa, ya tashi ke nan. A nan ne tarkon yake. A kwamfuta rawaya ce volt 12, ja volt 5 ce kawai. Wanda ya bi launi ya haɗa ja da ja, zai zauna yana zargin rediyo alhali lafiyarsa ƙalau. Ja da rawaya na rediyo duka wurin rawayar kwamfuta za su. Kuma kada a buɗe cikin akwatin nan da hannu, ko an zare shi daga bango yana iya riƙe wutar da za ta girgiza mutum.

Ya yi aiki, amma abu biyu suka sa na sauya. Na farko, duk lokacin da aka ɗauke wuta rawaya ta rasa abincinta, sai agogo ya koma sifili, tashoshi su goge, saitin bas ya tafi. Na biyu, irin wannan akwati yana sa wani ɗan tsaki a cikin FM, musamman in tashar ba ta da ƙarfi. Kuma a ganina, mutumin Maradi da ke son sauti a gida, lokacin da babu wuta ne ya fi buƙatarsa.

Sai na koma batir. Ina da na sola a gida, na jawo waya mai kauri daga kafar fita ta na'urar daidaita caji, na sa fis 10 kusa da tushen. Fis ɗin nan ba ado ba ne; batir in wayoyinsa biyu suka haɗu yana iya sa ƙarfe ya yi ja, ga katifa ga labule. Kada kuma a haɗa rediyo da farantin sola kai tsaye, domin da rana tsaka, in babu kaya a kansa, yana haura volt 20. Da muryar hira rediyon ba ya wuce ampiya 1 zuwa 2. Ke nan batir mai Ah 40 (ma'aunin yawan wutar da yake ɗauka), in ka ɗauki rabinsa kawai don kada ka kashe shi, zai kai ka wajen awa 10. Tsohon batirin mota ma yana yi, sai dai ba ya jure a riƙa zuƙe shi ƙaf, kuma a ajiye shi inda iska ke shiga.

Wayoyin sifika kuwa, fara da toka su ne na gaba, hagu da dama. Kore da shunayya na baya. Kowace tana da wayarta biyu, mai baƙin ratsi ita ce mainas. Wani dattijo mai gyaran wutar mota ya ja mini kunne a kan wannan, ya ce: "Yaro, mainas ɗin sifika ba ƙasa ba ce. Ka haɗa su wuri ɗaya ko ka taɓa su da baƙa, ka sayi sabon rediyo." Gaskiyarsa, don duka wayoyin biyu wuta ke gudu a cikinsu. Sifika mai om 4 (ma'aunin turjiyarta ga wuta) rediyon ke so. Sifikar gida mai om 8 ba ta cutar da shi, murya ce dai za ta ragu. Amma biyu masu om 4 kan waya ɗaya, fulos da fulos, mainas da mainas, sun koma om 2, sai zafi.

Sifikokina babu alamar fulos a jikinsu, sai na ɗauko batirin tocila mai volt 1.5 na ɗan taɓa ƙafafun. In takardar ta turo waje da ɗan "ɗuf", ƙafar da ke kan hancin batir ita ce fulos. In ɗaya tana turowa ɗaya tana ja, bas ɗin sai ya ɓace a tsakiyar ɗaki. Haka kuma sifikar mota a tsirara kan tebur ba ta da murya, kamar kalangun da aka cire wa gangar jiki. A mota ƙofa ce akwatinta. Kafinta ya yi mini akwati rufaffe na katako mai kauri, na cusa auduga a ciki.

Eriya ba ta da wuya: waya mai tsawon santimita 75 a tsaye, an sa ta a tsakiyar kafar eriyar. Masu shirin saye dai su lura. Tsohon rediyon da aka yi don Japan daga 76 zuwa 90 kawai yake kamawa, duk tashar da ta haura nan ba ruwansa da ita. Na Amurka tsalle yake yi daga 88.1 zuwa 88.3, ya tsallake na tsakiya. Wanda ya zo da mota daga kamfani kuma yana iya neman lambar sirri da zarar an yanke masa wuta. A sa mai kaya ya kunna shi a gabanka.

Abin da ya rage mini shi ne zafi. Bayan rediyon, inda ƙarfen sanyaya yake, yana ɗaukar zafi ko yanzu, balle in watan Afrilu ya kama. Zan buɗe bayan akwatin in ɗaura fankar tsohon akwatin kwamfutar, tunda ita ma volt 12 take ci, in sa ta kan jar wayar rediyo don ta mutu tare da rediyon. Sai dai fanka na jawo ƙura, ga hunturu da nashi hali. Wanda ya taɓa sa raga ko soso a bakin irin wannan fanka, ya gaya mini ko iskar tana isa.