Aikin da ke farawa bayan an miƙa makulli

Ƙaramin kamfani gare ni a Los Angeles, cikin jihar Kalifoniya. Aikinmu shi ne mu nema wa waɗanda suka daɗe suna kwana a titi ɗaki, sannan mu tsaya musu har zaman ya kama. Mai biyan mu ita ce inshorar lafiyar da gwamnati ta tanadar wa marasa ƙarfi, wadda ake kira Medicaid a faɗin Amurka, a nan jihar kuwa Medi-Cal. Kafin wannan sana'a, mataimakin nas ne ni a wani asibiti. A can na fara sanin mutanen da ake sallama yau, kafin mako ya zagayo motar asibiti ta sake kawo su, da ciwon da aka yi musu magani ya dawo sabo.

Wani dattijo ɗan Damagaram da muke sallar Juma'a tare ya taɓa tare ni a ƙofar masallaci. Ya ce, "Ɗana, wai dillancin gidaje ka koma ne? To me ya haɗa kuɗin asibiti da gidan haya?" Na ce, "Baba, mai ciwon suga da yake kwana a tanti, ina zai ajiye allurarsa, alhali sai a firji take zama? Wanda aka yi wa aiki a ƙafa, da wane ruwa zai wanke wurin?" Ya jinjina kai ya ce, "Allah Ya kyauta." Tambayarsa tana kan hanya, domin ita kanta gwamnatin ta ɗauki shekaru kafin ta yarda cewa akwai alaƙa.

An kafa Medicaid a 1965, amma har shekarar 2014 talaka baligi wanda ba shi da 'ya'ya a gabansa, kuma ba a tabbatar masa da nakasa a takarda ba, galibi ba ya cikin lissafi. Mafi yawan masu kwana a titi kuwa irinsu ne. Dokar lafiyar da Shugaba Obama ya sa wa hannu a 2010 ce ta buɗe ƙofar, Kalifoniya ta shigar da su tun Janairun 2014. A 2015 gwamnatin tarayya ta sanar da jihohi cewa za su iya amfani da kuɗin inshorar wajen hidimomin da suka shafi nema wa mutum gida da riƙe shi a ciki. Mu a nan, shirin jihar na gyara tsarin Medi-Cal, mai suna CalAIM, da ya fara a Janairun 2022 shi ya ba ƙananan kamfanoni irin nawa damar shiga. Abu uku yake biya a ɓangarenmu: ɗawainiyar neman ɗakin, kuɗin ajiyar da mai gida yake karɓa kafin a shiga haɗe da na jona wuta da ruwa, sai kuma hidimar bin mutum bayan ya tare. Hayar wata-wata ba daga nan take fitowa ba, in ban da ɗan tallafin wata shida da aka amince da shi a ƙarshen 2024 ga wasu rukuni. Hayar dindindin daga takardar tallafin haya ta tarayya take zuwa, wadda aka fi sani da Sashe na 8. Mai haya yana ba da kusan kashi 30 cikin ɗari na abin da yake samu, gwamnati ta cika sauran. Layin samun takardar nan yakan kai shekaru.

Ƙidayar da aka yi a Janairun 2024 ta samu sama da mutum 770,000 da ba su da matsuguni a Amurka cikin dare guda, kusan 187,000 a Kalifoniya, kimanin 75,000 a gundumar Los Angeles kaɗai. Waɗanda muka fi mu'amala da su kaso ne daga ciki, masu daɗaɗɗen rashin gida. A ma'aunin gwamnati, wannan shi ne mai wata nakasa ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa ko ta shaye-shaye, wanda ya shafe wata goma sha biyu a jere ba gida, ko ya faɗa halin sau huɗu cikin shekara uku, jimillarsu ta kai shekara guda.

Tabbatar da haka a takarda shi ne wahalar farko. Katin shaidar mutum ya ɓace ranar da aka zo kwashe tantuna, ko an sace jakarsa yana barci. Kafin a ba shi sabo sai ya kawo takardar haihuwa, ita kuma tana wata jiha mai nisa, su ma can suna neman shaida kafin su aiko. Ma'aikaciyata takan yi makonni a kan wannan kaɗai, tana bin mutumin daga ƙarƙashin wannan gada zuwa waccan, domin wayarsa ba caji. Daga nan sai masu gida. Da yawa in suka ga tarihin kora daga haya, ko zaman kurkuku, sai su ce an riga an kama ɗakin. Abin da nake ba su shi ne lambar wayata, da alkawarin cewa in matsala ta taso ni za su kira, kuma zan ɗauka ko da tsakar dare ne. Masu gidan da suke ba mu ɗaki a yau, kusan dukansu wannan alkawarin suka gwada suka ga an cika.

Ba ma gindaya wa mutum sharaɗin sai ya daina sha, ko sai ya fara shan maganin taɓin hankali, kafin ya samu ɗaki. Wannan tsari na fara ba da gida, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Sam Tsemberis ne ya yaɗa shi daga New York a 1992, Kalifoniya kuma ta mayar da shi doka a shirye-shiryenta na gidaje a 2016. Akwai masu sukarsa, har cikin 'yan uwanmu, suna cewa an saka wa mashayi da gida. Ni dai abin da na gani da idona shi ne, ba wanda yake iya riƙe lokacin shan magani alhali dare ya yi bai san inda zai kwanta ba. Amma masu sukan suna da gaskiya a wuri ɗaya: in aka ba mutum makulli aka juya masa baya, an yi aikin banza.

Ranar tarewa kowa yana murna, ana ɗaukar hoto. Mu mun san daga ranar ne aikin ya fara. Akwai wani bawan Allah mai shekara kusan sittin da muka sama wa ɗaki bayan ya daɗe ƙwarai a titi. Mun sa masa gado da sabon bargo. Da na koma duba shi, gadon yana nan yadda muka shimfiɗa shi. Ashe a ƙasa yake kwana, bayansa jingine da ƙofa, takalminsa a ƙafa, jakarsa a ƙarƙashin kansa. Ya ce shirun ɗakin ne yake hana shi barci, domin a titi shiru yana nufin wani yana lallaɓowa. Ban ce masa ya hau gado ba. Na kawo masa ƙaramar rediyo, muka zauna a ƙasan tare muka jera magungunansa cikin akwatin nan mai gida bakwai, kowace rana da gurbinta. Sai da aka yi watanni kafin ya fara cire takalmin.

Abin da ya fi korar mutanenmu daga gida ba rashin biyan haya ba ne, baƙi ne. Mutum ya yi shekaru da abokan da suka raba loma da shi, suka tsare masa kaya lokacin da yake kwance a asibiti. Yanzu ga shi a ɗaki, ana ruwan sama, suna ƙwanƙwasa masa ƙofa. Da wane ido zai kore su? Ɗaya ya kwana, gobe su zama huɗu, jibi maƙwabta sun kai ƙara, mai gida ya manna takardar wa'adin kwana uku a ƙofa. Wanda ya taso inda ba a mayar da baƙo ya san nauyin wannan, shi ya sa ba na yi musu faɗa. Mukan ce masa ya ɗora laifin a kanmu, ya ce wa abokan ma'aikatan gida ne suka hana. Su kuma baƙin mu ɗauki sunayensu mu fara musu nasu takardun. Sauran aikin ƙanana ne da ba sa ƙarewa: buɗe wasiƙun da suka taru ba a karanta ba, raka mutum wurin likita, koya masa raba kuɗin wata don kada ya ƙare a makon farko, sasanta shi da maƙwabciyar da hayaƙin taba ya dama.

Ta fuskar kasuwanci, ribar ba ta da yawa. Jiha tana ba kamfanonin inshora kuɗin, mu kuma mu ƙulla yarjejeniya da kowannensu, kowa da farashinsa da fom ɗinsa. Kowace ziyara sai an rubuta ta, in ba a rubuta ba kamar ba a yi ba. Biyan yakan yi jinkiri, albashin ma'aikata kuwa ba ya jira, don haka wanda zai shiga wannan sana'a ya tanadi abin da zai riƙe ma'aikatansa na wasu watanni. Ma'aikacin kirki shi ne jarin gaske. Waɗanda suka fi iya aikin a wurina su ne waɗanda su ma suka taɓa kwana a waje, domin suna hango matsala tun tana nesa. In ka jibga wa mutum ɗaya masu haya fiye da ƙima don ka ƙara samu, ziyara za ta koma buga waya, kafin ka ankara an fara korar mutane.

Abin da yake damuna yanzu shi ne yankewar inshorar. Dole a riƙa sabunta ta, kuma wasiƙar sabuntawa takan tafi adireshin da mutum ya bari tuntuni. Ranar da ta yanke, biyanmu ya tsaya, amma ba ma iya daina zuwa. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta ƙara nauyi: daga 2027 yawancin baligan da suka shiga ta ƙofar 2014 za su riƙa nuna shaidar aiki ko makamancinsa na awa 80 a wata, a kuma riƙa tantance su duk wata shida. Masu lalura suna da sassauci, sai dai shi ma sassaucin takarda yake buƙata. Izinin da tarayya ta ba shirin CalAIM shi ma wa'adinsa ƙarshen 2026 ne. Saboda haka muka ware ma'aikaciya guda wadda ba ta da wani aiki sai bin ranar sabuntawar kowa, kuma tun yanzu muna bi ɗaya bayan ɗaya muna karɓo wa mutanenmu takardun likita masu tabbatar da lalurarsu.