Akori-kurar da Ta Dawo Mana Sau Uku

Ina cikin shekarata ta huɗu a gareji a Panteka, a Kaduna, aka kawo mana wata tsohuwar Hilux mai ɗaukar masara daga Saminaka. A lokacin ina jin babu abin da ya rage mini a harkar birki. Oga ya fara bar mini aiki ni kaɗai, ƙananan yara suna miƙo mini sifana, har wasu direbobi sun fara ce mini injiniya. Direban ya sauko yana fifita da hula, ya ce birkin baya yana riƙe masa mota. Ban bari ya ƙarasa ba na ce a kawo jak.

Na cire diram, wato kwanon ƙarfen da ke juyawa tare da taya, na ga lainin da ke jikin shu, wanda ke matse diram idan an taka birki, ya cinye rabi, sifirin da ke jawo shu baya sun yi tsatsa. Na ce shi ke nan. Aka sayo sabon shu da sifirin, na ɗaura, na juya taya da hannu tana tafiya sumul, ya biya ya tafi. Kwana biyu sai ga shi. A karo na biyu na ɗora laifin a kan fot, wato 'yar tukunyar da ke tura shu idan man birki ya shigo ta, na ce fistin ɗinta ne ke maƙalewa. Na canza na dama da na hagu. Da muka gama bilidin, wato fitar da iska daga layin birki, na lura tayar ta yi nauyi kafin ta saki, amma na ce wa kaina sabon lainin ne, zai zauna. A karo na uku mai motar ne ya zo da kansa, kuma bai ko kalli inda nake ba. Wurin Oga ya nufa.

Oga dattijo ne da ya koyi aiki a kan Fijo 404 da 504, tun zamanin da kamfanin Fijo na Kakuri, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, yake cika titunan Kaduna da su. Ba mai faɗa ba ne, kuma wannan ya fi zafi. Ya sa aka kawo wa direban benci, ya zauna kusa da shi, ya ce, "Malam, ba ni labari. Idan ka taka ne take jan taya, ko kuwa bayan ka ɗaga ƙafa ne take ƙin saki?"

Direban ya ce da safe lafiya lau take tashi. Sai ya shiga cunkoson Kawo yana taka birki yana saki, kafin ya kai Rigachikun motar ta yi nauyi kamar an ƙara mata buhu goma, a Mararraban Jos kuwa ƙauri ya cika gaban mota. Idan ya tsaya ya sha shayi, sai ta sake. Oga ya ce, "Taya ɗaya ce ke zafi ko duka biyun?" Ya ce duka biyun.

Oga ya waiwayo. "Kai, ka tambaye shi wannan?" Na yi shiru.

A nan na fara gane cewa kalmar "riƙewa" da direbobi ke faɗa cuta biyu ce daban. Akwai birkin da ke cafkewa da zarar an taɓa feda, taya ta ja ƙasa ta yi ƙara. Wannan yawanci a cikin diram yake: oyil sil na aksil, robar da ke tare man giya, ya mutu man ya jiƙa lainin, ko fot yana yoyon man birki a kansa, lainin ya zama mai danƙo. Da damina, musamman a watan Agusta da Kaduna ke kwana cikin ruwa, tsatsa kan kwanta a cikin diram cikin dare ɗaya, birki ya yi ta cafka da safe har sai an taka sau uku ko huɗu ya goge. Akori-kura kuma tana da nata halin: idan babu kaya, bayanta ba nauyi, ƙaramin birki ya isa ya tsayar da taya cak. Shi ya sa aka sa wa irin waɗannan motoci wani bawul a ƙarƙashin bodi mai sanda da ke haɗe da aksil, yana rage ƙarfin man da ke zuwa baya idan mota fanko ce, ya ƙara idan an yi lodi. Masu ƙara ganyen sifirin don mota ta ɗauki kaya fiye da ƙima suna ɓata wannan lissafin ba tare da sun sani ba. To, wannan cuta ɗaya ke nan. Ta biyu ita ce birkin da ya kama lafiya amma ya ƙi komawa, kuma ita ce ta motarmu. Ni kuwa na shafe mako ina yi wa ta farko magani.

Oga ya ce in shiga mu je. Muka hau titin Nnamdi Azikiwe muna taka birki muna saki, har motar ta soma nishi. Muka juyo gareji, ya ce maza a sa waigi a gaba, a ɗaga baya. Zafi na tashi daga diram kamar bakin murhu, tayoyin biyu kuma ko motsi. Ya ɗauki ƙaramar sifana ya kwanta da kansa, ya ɗan murɗa nipul ɗin bilidin, ɗan notin da ke jikin fot wanda ake buɗewa mai ya fita. Mai ya yi tsartuwa har kan rigarsa, alhali babu mai taka feda. Nan take na juya taya da yatsa biyu, na zagaya ɗaya gefen, ita ma ta saki.

"Ka gani? Ƙarfe bai riƙe komai ba. Mai ne ya shiga ya rasa hanyar komawa."

Gwajin bai ci ko sisi ba, bai kai minti ɗaya ba, kuma ya wanke shu da sifirin da fot da wayar hanbirki gaba ɗaya. Da a ce mai ya ɗiga kawai taya ta ci gaba da riƙewa, da sai mu koma cikin diram. Yanzu saura a gano inda man ya maƙale, kuma a nan ne amsar direban ta yi aiki. Tunda tayoyin biyu ne, laifin yana wurin da suka yi tarayya.

Oga ya sa yaro ya yi ta taka feda da ƙarfi har tayoyin suka sake kamewa. Ya ce mu fara daga sama mu gangaro. Na sassauta notin bututun baya a jikin masta, wato famfon da feda ke dannawa ya tura man birki, da sifana lamba 10. Da laifin masta ne, ko 'yar ƙofar da mai ke komawa tanki ta toshe, ko an ɗaure sandar feda babu sarari, ko robobin ciki sun kumbura, da taya ta saki a nan. Ba ta saki ba. Muka wuce bawul ɗin lodi, shiru. Muka zo kan tiyon roba, guda ɗaya tak da ke saukowa daga bodi zuwa aksil kafin bututu ya rabu dama da hagu. Na sassauta ta samansa, shiru. Na sassauta ta ƙasansa, mai ya fito da ƙarfi, taya ta juya.

A ido tiyon ba shi da aibu, ba tsagewa, ba yoyo. Oga ya sa reza ya tsaga shi a tsaye ya miƙo mini. Cikinsa ya kumbura, ramin ya tsuke, wani ɓallin roba ya ɗago kamar harshe. Idan an taka feda, ƙarfin ƙafa da na sarbo, mai ƙara wa feda ƙarfi, ya isa ya tura mai ya wuce. Komawa kuwa sifirin shu ne kaɗai ke turo shi, kuma ba su da ƙarfin buɗe wannan harshen. Sai a hankali man ke silalewa baya, daidai tsawon shan shayin direba, daidai kuma lokacin da nake ɓatawa wajen neman jak da kwance taya. Duk sadda na duba, cutar ta riga ta ɓuya.

Tsufa kan yi wa tiyo haka, amma mu ma muna taimakawa. Sau nawa na matse shi da filaya don kada mai ya zube ina canza fot? Ga kuma abin da ake zubawa a tanki. Man birki DOT 3 da DOT 4 yana shan danshin iska da kansa, shi ya sa wanda ya shekara biyu ko uku yake son canji, balle a haɗa shi da baƙin mai, wanda ke kumbura duk robar da ya taɓa. Na taɓa buɗe tankin da direba ya cika da ruwan omo a hanya. Ya kai shi gida, amma sai da aka wanke layin gaba ɗaya.

Kuɗin tiyon bai kai rabin na fot ɗaya ba. Oga ya ce wa mai motar ba zai karɓi kuɗin aiki ba, fot biyun da na cire kuma ya sa na wanke su na mayar masa a leda, tunda lafiyarsu ƙalau. Ni bai ce mini komai ba sai da yamma, muna wanke hannu da kananzir, ya ce in rataye tsagaggen tiyon a ƙusar da nake rataye rigata.

Bayan sallar layya aka kawo wata Fijo 504 akori-kura da irin wannan kukan. Na ba direban benci. Ya ce tayar hagu ce kawai, kuma tun ranar da ya tsallaka wani rafi da ita ya bar ta kwana uku da hanbirki a ja. Na buɗe nipul duk da haka. Mai ya ɗiga sau biyu, taya ba ta motsa ba. Na bi wayar hanbirki da hannu, na same ta ta ci tsatsa a cikin rigarta, ko da guduma ba ta komawa.