Ku daina sakin kulas bindiga tana wofi

Salamu alaikum jama'a. Ƙaramin shago gare ni nan Maradi, ƙira na gada gun baba, yanzu gyaran bindigogin farauta muka fi yi sai kuma pistole na masu takardar izini, wanda bai da permi ba ni taɓa kayanshi.

Abin da ke ci mani rai shi ne mutum ya ja kulas baya, wato ƙarfen nan na saman pistole mai zamewa gaba da baya, ya ga babu harsashi, sai ya danna ya sake ta ta faɗo kwaram, wai don ya ji ƙara. In akwai harsashi cikin sharjar, wato gidan harsasan da ake cusa ma bindiga, kulas ɗin sai ta kwaso shi ta tura shi ɗakinshi, wato ramin da harsashi ke zama a gindin bututun bindiga, wannan aikin shi ke rage mata gudu, amma in babu komi resor, wato sifirin da ke maido ta gaba, na jefa ta da dukan ƙarfinshi, ƙarfe ya bugi ƙarfe, kamar taɓarya cikin turmin da babu hatsi. Sau ɗaya ba ya kashe ta, yau da gobe ce ke cinye ta.

Ba duka bindigogi ke jin abin daidai ba. Glock ta Ostiriya tana da juriya ƙwarai. Amma irin Colt 1911 ta Amurka, musamman wadda anka gyara kunamarta ta yi laushi, wallahi ita ce abin tausai, don haƙorin da ke riƙe hamar, wato ƙarfen da ke bugu harsashi ya tashi, ɗan siriri ne ainun, girgizar nan na sa bakinshi ya dakushe har wata rana ka saki kulas hamar ta biyo ta da kanta, bindiga na iya tashi ba ka taɓa kunama ba, to nan magana ta wuce lalacewar kaya, ta koma ta rai. Haka masu jefa harsashi cikin ɗaki da hannu su saki kulas a kai, ƙugiyar da ke fiddo kwanso suke wahalarwa.

Yarana na shago kullum ina ce masu: cire sharjar, duba ɗaki da ido, ka riƙe kulas da hannu ka raka ta a hankali har ta zauna. Ranar da anka sa harsashi cikin sharjar kuwa sake ta za ka yi, kar ka raka, in ka raka ba ta rufewa da kyau.

Kuma ku tuna piyes ɗin nan, wato kayan canji, ba a kasuwa suke ba, in haƙorin ya ci sai an yi odar wani ta hanyar takardu, bindigarka na nan kwance cikin akwatina wata da watanni kana zarya.