Wasiƙa Daga Amurka: Mu Matan Soja, Makaranta Muke Nema Kafin Gida

Assalamu alaikum 'yan uwa,

Ina gaishe ku da kyau, ya gida, ya yara, ya hidima. Makon jiya wata ƙanwata da ke shirin tarewa gidan mijinta a nan ta kira ni, mijin nata soja ne kamar nawa, ta ce, "Yaya, ai dai a cikin bariki yara ke karatu, ko?" Ba ita ce ta farko da ta yi mini wannan tambayar ba. Mutanenmu da ke shiga sojan Amurka suna ƙaruwa, domin mai katin zama na dindindin yana iya shiga ko bai zama ɗan ƙasa ba. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta amsar a tsanake, ko za ta yi wa wata amfani kafin ta sa hannu a takardar da za ta zo tana da na sani.

Gaskiya ne akwai makarantun cikin bariki. Ma'aikatar Tsaro tana da hukumarta ta ilimi da ake kira DoDEA, mai makarantu kusan 160 da ɗalibai sama da 60,000. Makarantu ne masu kyau ƙwarai. A jarrabawar auna karatu da lissafi ta ƙasa baki ɗaya da aka yi a 2022, yaransu sun wuce na kowace jiha. Sai dai yawancinsu a ƙetare suke, irin su Jamus da Italiya da Japan da Koriya ta Kudu. A cikin Amurka kuwa jihohi 7 kacal ke da su, kuma ko a can ɗin ma, ƙa'idar ita ce sai wanda ke zaune a gidajen cikin bariki. A Fort Bragg da ke Arewacin Karolina makarantun nasu a aji 8 suke tsayawa, daga nan yaro ya fita gari. Fort Campbell yana da babbar sakandare tasa. Wani barikin kuma, kamar Fort Carson a Kolorado, makarantar tana cikin shinge amma gundumar gari ce ke tafiyar da ita. To kun ga, mafi yawan 'ya'yan soja makarantun gwamnati na garin da ke bakin bariki suke zuwa, tare da 'ya'yan kowa.

A nan ne maganar take. A ƙasar nan ba kai kake zaɓar makarantar gwamnati ba, adireshinka ne ke zaɓa maka. Kowace gunduma ta yanka garinta gida-gida, kowane layi da makarantarsa, kuma motar ɗaukar yara ba ta tsallake iyakar da aka shata mata. Ban san haka ba lokacin da aka tura maigidana Arewacin Karolina. Muka ga gida a intanet, ɗaki uku, da fili a baya, kuɗinsa bai cinye alawus ɗin gida da soja ke bayarwa ba. Muka sa hannu na shekara guda muna murna. Sai da na je sa babban ɗana a aji 3 na gane cewa makarantar da kowa ke yabo, wadda nake hangen rufinta daga tagar kicin, ba tamu ba ce. Titi ɗaya ne tsakaninmu. Tamu tana can nesa, kuma a shekarar nan sau uku aka canza wa yaron malama. Yaron da ya iya karatu ya koma yana cewa cikinsa na ciwo kowace safiya. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin tambaya ɗaya ce da na yi da ta raba mu da wannan wahala.

Dalilin bambancin kuɗi ne. Kaso mai tsoka na kuɗin makarantu daga harajin gidaje da filaye na yankin yake fitowa, don haka unguwar masu hali makarantarta ta fi samun abin hannu. Bariki kuwa filin gwamnatin tarayya ne, ba a karɓar wannan haraji a kansa, alhali dubban yaransa suna cika azuzuwan gari. Tun 1950, zamanin Shugaba Truman, aka yi dokar da gwamnatin tarayya ke biyan irin waɗannan gundumomi diyya. Shi ya sa da kaka za ku ga yaro ya dawo da wata 'yar takarda a jaka ana tambayar inda uba ke aiki da muƙaminsa. Na san mutanenmu da gudun takarda, musamman wadda ke tambayar sirrin gida. Don Allah a cike wannan a mayar. Da ita ake ƙirga yaranmu, da ita kuɗin ke zuwa makarantar da suke zaune a ciki.

Darasin da na ɗauka shi ne, ranar da takardar canjin wurin aiki ta fito, kafin in buɗe shafin gidajen haya, jami'in hulɗa da makarantu na sabon barikin nake kira. Kowane bariki yana da irin wannan ofis, kuma kyauta ne. Aikinsa ke nan: ya san gundumomin da ke kewaye, ya san ranakun rajista, ya san wa za a kira in magana ta cije. Ba zai ce miki ga wadda ta fi ba, amma in kin iya tambaya za ki ji abin da kike nema. Ni nakan tambayi yawan 'ya'yan soja a makarantar, da ko akwai wani malami da aka ɗora wa karɓar sababbin zuwa. Jihohi da yawa yanzu suna ba makarantun da suka shirya wa yaran soja wata lambar yabo ta tauraro mai launin shunayya, abin da jihar Ohayo ta fara a 2017. Makin da shafukan intanet ke ba makarantu kuwa, ina dubawa amma ba na rantsuwa da shi. Sau da yawa arzikin unguwa yake aunawa, ba hannun malami ba.

Bari in ba ku labarin ranar da na san darajar wata yarjejeniya da ban taɓa jin sunanta ba.

An haifi 'yata ranar 20 ga Agusta. A Arewacin Karolina, yaron da ya cika shekara 5 zuwa 31 ga Agusta yana shiga ajin share fage, wanda suke kira kindagatin. Ta shiga, ta yi wata uku, ta fara haɗa baƙi. Sai aka mayar da mu Fort Campbell, barikin da ke kan iyakar Kentaki da Tenesi. Ba mu samu gida a ciki ba, layi ya yi tsawo, muka kama haya a waje, a ɓangaren Tenesi. Na ɗauke ta da sassafe, ta sa sabuwar jakarta, ta riƙe hannuna gam. Matar da ke rajista ta duba takardar haihuwa, ta ƙirga da yatsa a kan kalanda, ta ce a Tenesi sai wanda ya cika 5 zuwa 15 ga Agusta. Kwana biyar suka hana ta. Ta ce mu dawo baɗi. Da a ɓangaren Kentaki ne ma da tazarar ta fi haka, domin su 1 ga Agusta ne nasu.

Na yi godiya na fito, yadda aka tarbiyyantar da mu, ba a ja da mai ofis. A mota yarinyar ta ce, "Umma, laifi na yi?" Nan ƙwalla ta zo mini. Da na isa gida na kira jami'ar hulɗa da makarantu, ita ce ta faɗa mini cewa akwai yarjejeniya tsakanin jihohi kan karatun 'ya'yan soja, wadda aka fara a 2008, kuma zuwa 2014 duka jihohi 50 da birnin Washintan sun shiga. A cikinta an ce yaron da ya riga ya fara aji a jihar da ya baro, zai ci gaba da wannan ajin a sabuwar jiha ko shekarunsa ba su kai na can ba. Washegari na koma da takardar canjin aikin maigida da shaidar cewa yarinyar ta yi zaman aji a can. Ba a yi minti ashirin ba aka kai ta ajinta. Matar nan ba mugunta ta yi ba, dokar jiharta ta karanta mini, ni kuma ban san tawa ba.

Yarjejeniyar nan ta ƙunshi abubuwa da dama da ya kamata kowace uwa ta haddace. Sabuwar makaranta za ta karɓi yaro da kwafin takardun da kika riƙo a hannu, ba sai an jira na asali ba, tsohuwar makaranta kuma tana da kwana 10 ta aiko su bayan an nema. Kina da kwana 30 ki cika allurar rigakafin da sabuwar jiha ke buƙata. A kula, jihohi irin su Tenesi da Kentaki da Jojiya suna son a kwafe tarihin allurar a kan takardarsu ta jiha, don haka a fara da asibitin bariki tun makon farko. Yaron da ke ajin masu hazaƙa za a sa shi a makamancinsa tukuna, in ya so a gwada shi daga baya. Wanda ke da buƙata ta musamman, kamar matsalar ji ko jinkirin magana, za a ci gaba da ba shi kwatankwacin taimakon da ke rubuce a tsarin karatun da tsohuwar makaranta ta yi masa har a sake zama. Ga 'yan ajin ƙarshe na sakandare kuma, in sharuɗɗan sabuwar jiha za su hana yaro gamawa a kan lokaci, makarantun biyu za su haɗa kai tsohuwar ta ba shi takardar kammalawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da ake cewa yakan canza makaranta sau 6 zuwa 9 kafin ya gama aji 12. Amma a sani, makarantun kuɗi ba sa cikin yarjejeniyar.

Tunda na ambaci makarantun kuɗi: akwai su, yawancin na kusa da bariki na coci ne, kuma soja ba ya biya maka a cikin Amurka. Makarantar Islamiyya ta cikakken lokaci sai manyan birane, bariki kuwa galibi a ƙananan garuruwa yake. Mu dai ta ƙarshen mako a masallaci muka riƙe, da karatun da nake yi musu bayan magariba. Koyar da yara a gida halas ne a kowace jiha, wasu matan soja ma shi suka zaɓa don gudun yawan canji, sai dai ƙa'ida ta bambanta: Teksas ba ta neman ka sanar da kowa, Arewacin Karolina kuwa sai ka yi rajista kuma yaro ya zauna jarrabawa duk shekara.

Akwai wata takarda a ranar rajista da ke tambayar harshen da ake yi a gida. Na ji wasu suna ba da shawarar a rubuta Turanci kawai don kada a "ware" yaro. Ban yarda da wannan ba. Hausa na rubuta, aka yi wa yarana gajeren gwaji, babban ya wuce, ƙaramar ta samu malamar da ke zama da ita rabin awa kullum har harshenta ya saki. Taimako ne kyauta, kuma iyaye suna da ikon cewa ba sa so. Uwar da Turancinta bai nuna ba ita ma tana da haƙƙin a samo mata tafinta a taron iyaye. Ba abin kunya ba ne, kuma ba na son yaro ya ga uwarsa tana ɓoye harshenta a gaban baƙi.

Maganar abinci da salla kuwa, a faɗe ta tun ranar farko, a rubuce. Ni nakan haɗa musu abincinsu daga gida saboda naman alade. Kafin azumi nakan aika wa malama saƙo, sai ta bar babban ya zauna a laburare lokacin cin abinci. Ranar idi ma in an sanar da wuri ana rubuta ta a matsayin fashi da uzuri. Ban taɓa neman waɗannan an hana ni ba. Abin da na lura shi ne, a nan shirun uwa ana ɗaukarsa a matsayin komai lafiya.

Lokacin da aka tura maigida aiki ƙetare na wata tara, ɗana ya daina magana a aji. Malamarsa ce ta fara ganewa, ta kira ni. Ashe makarantar tana da mai ba da shawara da aka ajiye musamman don yaran soja, tana tara su ranar Laraba, kowa ya kawo hoton nasa da ya tafi. Wata rana ya dawo da taswira ya liƙa a bangon ɗakinsa, ya sa alama a inda babansa yake, ya sa agogo biyu a kan tebur, ɗaya na nan ɗaya na can. Daga ranar ya fara cin abinci sosai. Wannan makarantar makinta a intanet tsaka-tsaki ne, amma da za a ba ni zaɓi sau goma ita zan ɗauka. Ranar da baban ya dawo kuma ba a rubuta musu fashi ba, domin yarjejeniyar ta ba shugaban gunduma damar ƙara wa yaro kwanaki a irin wannan lokaci.

Ke ƙanwata da kika tambaya, da duk mai shirin tahowa: ki taho da takardar haihuwar kowane yaro, da katin rigakafi, da sakamakon jarrabawarsa na shekarun baya, a jakar hannunki, kada su shiga akwatin kaya. Ki sa mijinki ya tambayi ko jiharku tana barin a yi rajista da takardar canjin aiki tun kafin a iso, domin jihohi da yawa sun yarda da haka yanzu. Ki kuma duba ranar komawa makaranta, a Tenesi tun farkon Agusta ake buɗewa, wasu jihohin arewa sai Satumba.

Mu ma an fara raɗe-raɗin za a ɗaga mu da bazara. Na ciro shuɗin fayil ɗin takardun yara daga durowa, na ajiye shi a kan firji, kuma na nemi malamar 'yata ta rubuta mini 'yar wasiƙa zuwa ga wadda za ta karɓe ta, ta faɗa mata cewa yarinyar ba ta ɗaga hannu a aji amma ta san amsa. In takardar ta fito zan sanar da ku inda muka nufa. Ku sa mu a addu'a, ku gaishe da mutanen gida.

Wassalam,
'Yar'uwarku a bakin bariki.