Abin Da Na Koya Wajen Rubuta Bayanin Kaina Don Neman Chevening

Chevening tallafin karatu ne na gwamnatin Birtaniya, tun 1983 ake bayar da shi, kuma yana ɗaukar nauyin digiri na biyu na shekara ɗaya. Sharuɗɗansa a fili suke: sa'o'i 2,800 na aiki, wato kimanin shekara biyu, zaɓen kwas uku, da alƙawarin dawowa gida a zauna aƙalla shekara biyu. Inda ake tankaɗe da rairaya shi ne tambayoyi huɗun da ake amsawa a rubuce: jagoranci, ƙulla hulɗa da mutane, dalilin zaɓen kwas ɗin, da tsarin aikinka bayan ka dawo.

Rubutuna na farko cike yake da "mun shirya", "mun gudanar". Haka aka rene mu, an ce yabon kai jahilci. Sai dai mai tantancewa ba ƙungiyarku zai tura karatu ba, kai kaɗai yake son gani. Na bi kowace jimla mai "mun" ina tambayar kaina: a nan wane aiki ne ya fito daga hannuna? Wanda na yi da kaina na mayar da shi "na", sauran na goge. Faɗin abin da ka yi tare da hujja ba fariya ba ne. Fariya ita ce ka ce "ni shugaba ne na gari" ka tsaya nan.

A amsar jagoranci misali biyu sun isa, kowanne da gaɓa huɗu: halin da ake ciki, nauyin da ya hau kanka, matakin da ka ɗauka, da abin da ya sauya. Yawancinmu a gaɓar farko muke ƙarar da kalmomi, muna ta bayanin talauci da matsalolin ƙasa, abin da mai karatun ya riga ya sani. Jimla biyu ta wadatar. Fiye da rabin wurin na matakinka ne. Sakamako kuma a sa masa adadi na gaskiya: mutum nawa, wata nawa, naira nawa. Muƙami ba dole ba ne. Wanda ya shawo kan iyaye suka bar 'ya'yansu a makaranta ya yi jagoranci.

A tambayar kwas, cewa jami'o'in Birtaniya na da inganci ɓata wuri ne. Na buɗe shafin kowane kwas, na ɗauko sunayen darussa biyu, na haɗa kowanne da giɓin da nake da shi a wurin aiki. Tsarin aiki kuwa na kasa shi uku: shekara biyun farko, shekara biyar, sai dogon zango, kuma kowanne ya dogara da darussan nan.

Kada ka kwafi amsar wanda ya taɓa samu. Ana bincikar satar rubutu, sannan idan aka kira ka ganawa, a kan abin da ka rubuta za a yi maka tambayoyi. Ka yi rubutun a Word, ka ƙirga kalmomi, ka ba mutum biyu su karanta, ɗaya ba ɗan fanninka ba. Ka tura da sauran kwana uku ko huɗu, domin ba da agogonmu ake lissafin lokacin rufewa ba, kuma intanet kan yanke a ranar da aka fi bukatarsa.