Ɗan sandan Turawa da ya ajiye kaki ya ɗauki alƙalami

Yawancin waɗanda muka yi makaranta tare ta Gandun Dabbobi suka san George Orwell, fassarar littafinsa da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi a 1975. Ni kuwa littafinsa na ƙarshe, mai suna 1984, shi ya fi tsaya mini a rai. A wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a Sabon Gari na saye shi, na riƙa karantawa a shagona na ɗaurin littattafai idan aiki ya lafa.

Sunansa na yanka Eric Arthur Blair. An haife shi a 1903 a garin Motihari na Indiya, inda mahaifinsa yake wa gwamnatin mulkin mallaka aiki. Ya yi karatu a Eton, makarantar 'ya'yan manya ta Ingila, sannan a 1922 ya shiga aikin ɗan sanda a Bama, ƙasar da ake kira Myanmar yanzu. Shekara biyar yana tsare wa Turawa mulki, a 1927 ya ce ya gaji da aikin zalunci, ya ajiye. Mu da iyayenmu suka ba mu labarin Razdan da Di'o da 'yan doka, mun san irin kujerar da ya tashi daga kai. Shi ya sa nake ba maganarsa nauyi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Daga nan ya yi wanke-wanke a ɗakunan girki na Faris, ya kwana cikin marasa galihu a Landan. Amma Sifaniya ce ta buɗe masa ido. A ƙarshen 1936 ya tafi yaƙin basasar ƙasar don ya yaƙi sojojin Janar Franco, madugun masu tawaye ga gwamnatin ƙasar. A watan Mayun 1937 harsashi ya ratsa masa wuya, da ƙyar ya sha. Bai gama warkewa ba sai 'yan gurguzu masu bin Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyat, waɗanda suke ɓangare ɗaya da shi, suka ce ƙungiyar da ya yi yaƙi a cikinta 'yan amshin shatan Franco ne. Aka haramta ta, aka shiga kama abokansa, shi da matarsa suka tsallake zuwa Faransa. Daga baya ya rubuta cewa ya ga jaridu suna ba da labarin gumurzu a inda ko bindiga ba a harba ba, suna kuma yin gum a inda ɗaruruwa suka mutu.

Mutane idan suna zancen 1984, Babban Yaya suke ambata, wato shugaban jam'iyyar da ke mulki a labarin, da allon da ke manne a bangon gidan kowane ɗan jam'iyya yana ganinka yana jinka. Abin tsoro ne. Amma abin da ya fi girgiza ni shi ne sana'ar Winston Smith, jigon labarin. A Ma'aikatar Gaskiya yake aiki, kullum a turo masa tsohuwar jarida ya gyara ta ta dace da abin da jam'iyya take faɗa yau, a sake bugawa da tsohon kwanan wata, ta asalin kuma a jefa ta wani rami da ke kai ta wuta. Akwai wurin da aka rage wa jama'a rabon cakulan daga giram 30 zuwa 20, washegari suka fito zanga-zangar godiya don an ƙara musu zuwa giram 20. Winston ya tuna da sanarwar jiya, amma ba shi da takarda ko ɗaya da zai nuna.

Wataƙila don aikina ne abin ya taɓa ni haka. Wani dattijo daga cikin gari ya taɓa kawo mini ƙunshin takardu a cikin leda: wasiƙun ajami, katin jam'iyya, da shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo da suka yi ja, duk game da ɗaurin da aka yi wa mahaifinsa a zamanin NEPU. Gara ta ci gefensu. Ya zauna a benci bai tashi ba har na gama liƙa shafin ƙarshe, ya ce, "Malam, jikokina ba su yarda an taɓa yin haka a garin nan ba." Na yi masa bango mai kauri, na ɗinke da zare ninki biyu.

Ba na cikin masu cewa ƙasarmu ta zama irin ta littafin, domin a Kano har gobe ana caccakar gwamnati a rediyo da majalisar mai shayi. Amma mun ɗanɗana. A shekarar 1984 ɗin kanta gwamnatin soja ta kafa Doka ta 4, aka ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor. Abin da ya fi damuna yanzu yana cikin wayoyinmu. Ɗan siyasa zai faɗi magana a Facebook, ya goge, ya rantse bai faɗa ba, magoya bayansa kuma su taya shi rantsuwa alhali da idonsu suka karanta. Winston albashi ake biyansa, kuma rai a hannun wasu yake yin aikin. Mu kyauta muke yi wa gwanayenmu, ba wanda ya ɗora mana bindiga.

Orwell bai ba labarin kyakkyawan ƙarshe ba. An kama Winston, aka gana masa azaba har ya yarda biyu da biyu biyar ne, ya ci amanar Julia da yake so, ya fito yana ƙaunar Babban Yaya da zuciya ɗaya. A tsibirin Jura na Skotland Orwell ya rubuta littafin, tarin fuka yana cinsa, shi da kansa ya buga kwafin ƙarshe da tafireta. Littafin ya fito a watan Yunin 1949, shi kuma ya rasu a wani asibiti a Landan ranar 21 ga Janairun 1950, yana da shekara 46.