Karen da ba ya cikin takarda

Tun da mahaifinmu ya rasu, kula da gidansa na haya da ke Dadin Kowa ya dawo wuyana, don ni kaɗai ne cikin 'ya'yansa maza ke zaune a Jos. Fulat huɗu ne a cikin katanga ɗaya, get ɗaya, rijiya ɗaya, igiyar shanya biyu. Ni da iyalina muna ƙasa ta hagu, sauran ukun na 'yan haya ne. A zamanin marigayi babu wata takarda. A gaisa, a yi ciniki, ya rubuta suna a tsohon littafinsa mai baƙin bango, shi ke nan. Ni ne sarkin iyayi, na ce sai an yi yarjejeniya a rubuce.

Wani abokina dillalin gidaje a Abuja ya turo mini irin wadda suke amfani da ita a can, shafi shida. Na cire abin da bai shafe mu ba, amma na bar wani layi da ya burge ni: ba a yarda ɗan haya ya ajiye kare irin Pitbull, Rottweiler, Boerboel ko Doberman ba. Wallahi a lokacin ko a hoto ba zan iya bambance su ba. Sunayen ne kawai suka cika mini baki.

Wanda ya fara sa hannu a takardar wani matashi ne ma'aikacin banki, Kirista, mutumin wajen Pankshin, mai gaisuwa har da rusunawa. Ya kama sama ta dama. Bayan wata huɗu ya shigo da wani kwikwiyo kamar curin auduga, yarana har rububin ɗaukarsa suke yi. Kafin shekara ta zagayo abin nan ya kusa ɗan maraƙi. Caucasian ne, irin da makiyayan tsaunukan Jojiya da Armeniya suke ajiyewa don tsare tumaki daga kyarkeci, namijinsu kan wuce kilo 50. Sanyin Jos yana karɓar su, shi ya sa za ka yi ta ganinsu a gidajen Rayfield, alhali a Sakkwato da sai dai su yini suna haki. Ya sa masa suna Janar.

Hajiya ce ke sama ta hagu, ita da jikokinta uku, kuma ta girmi mahaifiyata. Ƙorafinta ba na banza ba ne. Lokacin da Janar ke zubar da gashi, iska takan kwaso shi har cikin butar alwala da kan zanin da aka shanya. In ya yi haushi da asuba sai ka ji ƙofar ƙarfe tana amsawa. Malamin da ke zuwa koya wa yara karatu ya ce daga yau a riƙa turo su bakin get. Mai tallar awara ta daina shigowa, mai gyaran famfo ma sai ya tsaya daga nesa ya buga waya. Ran nan ta tare ni a matakala ta ce, "Ɗan nan, mahaifinka bai taɓa haɗa ni zama da zaki ba. Ko shi ko ni."

Na hau sama da takardata a hannu, ina ji da kaina. Ɗan bankin ya karɓa, ya karanta layin a hankali, ya miƙo mini ya ce, "Maigida, ina sunansa a nan?" Babu. Na sauko jiki a sanyaye.

Daga baya na gane ba ni kaɗai wannan tarkon ya kama ba. A Ingila sun yi dokar karnuka masu haɗari tun 1991, suka haramta iri huɗu, cikinsu har da Pitbull. Masu kiwo suka ci gaba da haɗa wannan da wancan, wani sabon iri mai suna XL Bully ya fito ya yi ta ɓarna, sai a farkon 2024 aka haramta ajiye shi ba tare da izini ba. Tsugune ba ta ƙare ba. In gwamnati guda da likitocinta tana bin sunaye a baya a baya, ina ga ni mai fulat huɗu, a garin da rabin karnukan da ake sayarwa ruwa biyu ne, mai sayarwa kuma duk sunan da zai ƙara kuɗi shi yake laƙabawa?

Na je wajen limaminmu ina fatan ya ba ni abin da zan kori kare da shi. Bai ba ni ba. Ya ce a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki bin umarni ne kawai, Shafi'iyya ne suka tsananta a kai. Ya kawo hadisin raguwar lada ga mai ajiye kare in ba na farauta ko kiwo ko gona ba, ya ce malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kansu. Har ya ba ni labarin da ake bayarwa a kan Ibn Abi Zaid mai Risala, cewa ya ajiye kare a gidansa, da aka ce masa Imam Malik ya ƙi haka sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki ma zai ajiye. Na kai wa Hajiya wannan labari da murnata. Ta dube ni ta ce, "Shi malamin, igiyar shanyarsu ɗaya da karen?"

Duk wannan dambarwa da ake yi, akwai wani kare a gidan da babu wanda ke lissafa shi. Kawu, aminin mahaifina, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ke ƙasa ta dama, yana da wata 'yar karya ja irin ta gida, Bingo, da ke tsare masa kaji. Ba sarƙa, ba keji, ta fita ta bi bola ta dawo. Mun saba da ita kamar yadda muka saba da turmi.

Da damina ta haihu a ƙarƙashin rumfar janareta. Wata Asabar da la'asar ƙaramin jikan Hajiya, ɗan shekara shida, ya zura hannu zai ɗauko kwikwiyo, ta kama shi a dantse. Ihun Hajiya ne ya fito da ɗan bankin. Shi ya ɗauki yaron ya kai bakin famfo, ya ce a yi ta wankewa da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, kada a sa toka ko man birki kamar yadda wani ya kawo shawara. A motarsa muka tafi asibiti. Tambayar farko da likita ya yi ita ce, an yi wa karen allurar rigakafin hauka? Muka kira Kawu a waya, ya ce, "Allura? Kare?"

Sai aka fara wa yaro allurai a jere, ranar farko, ta 3, ta 7, ta 14, kuma sai da muka zaga kantunan magani kafin mu samu, da tsada. Likitan dabbobi ya ce a ɗaure Bingo a sa mata ido kwana 10. Cutar haukan kare ba ta da wasa, da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum kusan babu mai tashi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara. Abin kunyar shi ne Vom tana nan bayan Bukuru, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take tun 1924, kuma a can ake yin rigakafin karnuka. Shi kuwa Janar katinsa na cikin leda, kowace allura da kwanan wata da hatimi. Na yarana bai kai shi tsari ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa a bakin get na tarar da shi da muka dawo. Samari sun taru. Labari ya zaga unguwa cewa karen Kirista ya yayyaga ɗan Musulmi. Duk wanda ya ga rikicin 7 ga Satumban 2001 a garin nan, ya ga na Nuwamban 2008 da Janairun 2010, ya san daga irin wannan maganar wuta ke tashi, kuma Dadin Kowa na cikin unguwannin da suka rage ana zaune a cakuɗe. Allah ya saka wa mai unguwa da alheri, ya zo da kansa. Kawu ya fito da carbinsa a hannu ya ce, "Karyata ce, ni Musulmi ne tun kafin a haifi iyayenku, ku tafi gida." Wani ya ce to a ba 'yan kasuwar karnuka ta Dawaki ita su wuce da ita Kanke. Kawu ya ce sai dai a haɗa da shi.

Ban fito daga wannan abu ina cewa duk kare ɗaya ne ba. Da Janar ne ya kama dantsen nan, da ba maganar allura muke yi ba, kuma har gobe in na ji sarƙarsa sai na duba ina yarana suke. Amma layin da na kwafo daga Abuja bai tsare kowa ba, don haka na soke shi. Yanzu duk mai kare, babba ko ƙarami, sai ya nuna kati ranar biyan haya. Keji ya koma bayan gida, nesa da rijiya da shanya. Ba a sakin kare sai ƙarfe 11 na dare, a mayar da shi kafin kiran assalatu, in za a ratsa tsakar gida da shi sai da sarƙa da takunkumi. Wanda karensa ya yi cizo shi ke biyan magani. Ɗan bankin ya sa hannu bai ce uffan ba. Kawu ne aka sha fama da shi, ya ce shekararsa saba'in da ɗori bai taɓa ganin kare da katin asibiti ba, ga mai keke Napep ya caje shi kuɗin mutum biyu saboda Bingo.

Yaro ya warke, sai ɗan tabo. Hajiya ta aika wa ɗan bankin tuwo da miyar kuka a daren da abin ya faru, amma ba ta janye maganarta a kan Janar ba, kuma ta mayar da shanyarta baranda. Kuɗin hayarta zai ƙare a watan Maris. Na tambaye ta sau biyu ko za ta sabunta, duka biyun ta ce, "Allah ya kai mu."